Malam Datti a Gefen Hoto

Sharhabil bai yi makarantar kwamfuta ba. A wani shagon buga takardu da ke bakin titin Unguwar Shanu ya koya, yana tsaye bayan masu aiki yana kallon yatsunsu, har wata rana aka ba shi kujera. Daga buga katin biki ya kai ga gina shafukan intanet. Yanzu rabin shagon nasa ne, ɗaya rabin na wani mai gyaran waya, labule ne kawai a tsakaninsu.

Cikin shafukan da yake kula da su akwai na wata makarantar haddar Alƙur'ani a Rafin Guza, inda shi kansa ya yi karatu yana yaro, a gaban Malam Datti. Bai kai ga sauka ba, amma Malam bai taɓa yi masa gori ba. In sun haɗu a hanya sai dai ya tambaye shi ya injinan nasa.

Malam Datti ba ya son hoto. Idan wani ya ɗaga waya a gabansa, sai ya sunkuyar da kai ya ja jelar rawani ya rufe fuska. Sau ɗaya a shekara kawai ake samunsa, ranar walimar sauka, lokacin da kwamitin makaranta ke kiran mai hoto a jera ɗalibai. Shi ma sai da aka yi ta lallashi kafin ya yarda, kuma da sharaɗi: ba zai zauna a kujera ba, ba zai shiga tsakiya ba. Sai ya shimfiɗa buzunsa a can ƙarshen layi ta hannun dama ya zauna a ƙasa. 'Yan kwamiti, yawancinsu ma'aikatan gwamnati ne, su cika kujerun tsakiya da manyan riguna. Haka aka yi shekara da shekaru, kowane hoto mai faɗi ne, kuma kowanne Malam yana gefe.

Shekarar da aka gina shafin, Sharhabil ne ya karɓi kundin hotunan daga ofishin makaranta, ya yi musu sikanin ɗaya bayan ɗaya ya kwafe su cikin kwamfuta, ya ɗora su a shafin. Daminar da ta biyo baya kogi ya yi ambaliya ya shiga ofishin, kundin ya koma kamar jiƙaƙƙen gari. Iyaye dama hoton ɗansu shi kaɗai suke saya, ba na taro ba, mai hoton kuma ya daɗe da barin gari. Saboda haka abin da ke kan shafin shi ne kaɗai ya rage.

Manhajar da ke tafiyar da shafin tana da wata ɗabi'a. Duk hoton da aka ba ta, sai ta yanko tsakiyarsa ta yi ƙarami mai kusurwa huɗu daidai, ta jera su reras. A ƙananan hotunan ba a ganin Malam, an yanke shi tare da bishiyar darbejiyar da ke bayansa. Amma kowane ƙaramin hoto yana ɗauke da mahaɗi, wato hanyar da ke kai mutum ga asalin babban hoton. Da an latsa sai ya buɗe da faɗinsa, ga Malam Datti a kan buzu, yana kallon wani wuri dabam.

Rikicin da ya raba shi da makarantar a kan sauka ne. Kwamiti ya sa rana, ya gayyaci manyan baƙi, ya buga kati da sunayen ɗalibai. Malam ya duba ya ce akwai waɗanda haddarsu ba ta zauna ba, a ba su lokaci. Aka ce kati ya riga ya fita. Ya ce to shi ba zai zauna a wurin ba. Aka yi walima ba shi, bayan 'yan kwanaki ya naɗe buzunsa ya koma Katabu, kusa da 'yarsa Bara'atu da ke aure a can.

Ba a daɗe ba shugaban kwamitin, Alhaji Ubaidullah, ya zo shagon da kansa. Tsohon darakta ne a wata ma'aikata, mutum mai tsabta da sanyin murya, wanda bai taɓa ɗaga harshe ga kowa ba. Ya bar mota a bakin kwalbati, ya ƙi kujerar da aka miƙa masa saboda ƙura, ya tsaya yana fifita da hularsa. Ya ce iyaye sun dame shi. Duk wanda ya shiga shafin don neman wa ɗansa gurbi sai ya latsa hoto, ya ga Malam, ya kira waya yana tambayar ko har yanzu yana nan. In aka ce ba ya nan, sai tambaya ta haifi tambaya.

"Injiniya, ni ban ce ka goge komai ba," in ji Alhaji. "Tarihi ne, wa zai goge tarihi? Abin da nake so, in mutum ya latsa ƙarami, ya ga dai abin da ya latsa, ya ƙara girma. Shi ke nan."

Sharhabil ya ce, "Ranka ya daɗe, ai in an yi haka Malam ba zai ƙara fitowa ba."

"Kai ka yanke shi a ƙananan?"

"A'a, manhaja ce."

"To ka gani. Abin da na'ura ta riga ta yi ne, mu kawai bin sawunta za mu yi. Kuma Malam ɗin nan, kai ka sani, ba son hoton yake yi ba."

Sharhabil ya ga babu ƙarya a cikin maganar ko ɗaya. Ya ce zai duba.

Aikin ba shi da wuya, kuma wannan ne ya fi ba shi haushi. Waɗanda suka ƙera manhajar sun bar wurare a jikinta da ake kira ƙugiya, inda mutum zai rataya nasa umarnin ba tare da ya taɓa ainihin ginin ba. Kafin manhaja ta rubuta mahaɗin kowane hoto, sai ta bi da shi ta kan ƙugiyar. In ka rataya wani abu a wurin, mahaɗin zai faɗo hannunka, ka sauya shi yadda kake so, ka sake shi ya wuce. Sharhabil ya daɗe yana sha'awar wannan tsari. Yakan ce wa mai gyaran waya wannan shi ne ladabi, ka gyara abin mutane ba ka fasa musu bango ba.

Ya rubuta 'yan layuka. Ya sa manhaja ta yi wa kowane hoto wani yanki mai kusurwa huɗu, babba, mai kyau, sannan ya ce wa ƙugiya duk mahaɗin da ya nufi asalin hoto a karkatar da shi zuwa wannan. Ya gwada. Ya latsa hoton wata tsohuwar sauka, ya buɗe tas, ga ɗalibai, ga 'yan kwamiti, babu buzu, babu darbejiya. Ya shiga rumbun da ake ajiye kayan shafin ya duba, manyan hotunan suna nan yadda suke, ba wanda ya taɓa su. Ya daɗe yana kallon sunayensu kamar mai ƙirga awaki a turke.

Da ya koma gida da la'asar ya kawo wa matarsa Fadila zancen, amma ba kai tsaye ba. Ya tambaye ta, in mutum bai ɓoye abu ba, bai lalata shi ba, bai kuma ce babu shi ba, hanyar zuwa wurinsa kawai ya sauya, shin ya yi ƙarya? Fadila tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba. Ta ce in baƙo ya zo neman mai gida aka nuna masa ƙofar ɗakin ajiya, ai ba a ce mai gida ba ya nan ba. Ya ce wannan dabam, domin shi ba wanda ya tambaye shi. Ya kawo mata misalin mai sa labule a ƙofar ɗakinsa, ya kawo na mai shago da ke sa kaya mai kyau a gaba. Ta bar shi ya gama.

"Ka riga ka yi ko?" ta ce.

Ya ce eh.

"To ba shawara kake nema ba, fatawa kake nema. Ni kuwa ba malama ba ce."

Bayan kwana biyu Bara'atu ta kira shi. Tun suna yara take ce masa Yaya. Ta ce ko wayarta ce ta lalace, ta latsa hotunan makaranta ba ta ga Baba ba. Ta ce takan buɗe ne ta nuna wa yaranta yadda kakansu yake da ƙarfinsa, domin yanzu ciwo ya fara cin jikinsa, ya rame, kuma ko da wasa ba ya bari a ɗauke shi. Hoton da ke jikin katinsa na ɗan ƙasa kuwa ya dushe, kamar wani ne dabam. Ba ta taɓa sauke ko ɗaya a wayarta ba, saboda ta ji ana cewa abin da aka ɗora a intanet ba ya ɓata.

Sharhabil ya gaya mata gaskiya, ko dai rabinta. Ya ce kwamiti ne ya nemi a gyara yadda hotuna ke buɗewa, amma na asali suna nan lafiya lau a hannunsa. Ta ce ya turo mata. Ya ce manya ne, za su cinye mata data, kuma waya tana rage musu kyau, gara ta zo da kanta ya zuba mata a filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya wanke mata wanda ta fi so a takarda mai kyau. Da gaske yake nufi. Sai dai akwai wani abu a ƙasan maganar da bai so ya kalla ba: in ya turo, hotunan za su zagaya wayoyin mutane, Alhaji zai san daga inda suka fito.

"Suna nan dai, Yaya?"

"Suna nan, Bara'atu. Duk ranar da kika zo."

Ba ta zo ba. Jikin Malam ya tsananta, daga asibiti sai gida, daga gida sai asibiti. Sharhabil ya yi niyyar zuwa dubiya ya tafi mata da filashin, har ya saye shi ya jefa a aljihun jakar kwamfuta. Katabu ba nisa ba ne, mota ɗaya ce daga Kawo. Amma kullum sai ya tuna zai zauna a gaban Malam, Malam zai tambaye shi ya injinan nasa, sai ya ɗaga zuwa wani makon.

Shekara ta zagayo, aka yi sabuwar sauka, wadda ta fi duk na baya taro. Aka kawo masa hotuna jibgi daga wayoyi daban-daban, Alhaji yana son a gan su a shafi kafin baƙi su watse. Yana cikin ɗorawa sai rumbu ya ce ya cika. An ɗauke wuta tun safe, janareton mai gyaran waya ya ƙi tashi, batirin kwamfuta ya yi ja, ga wayar Alhaji tana shigowa ba ƙaƙƙautawa, cikin sanyin murya yana tambaya ko akwai matsala. Sharhabil ya ɗauko wata ƙaramar manhajar shara da ya saba amfani da ita a wasu shafukan. Aikinta ta bi shafi ɗaya bayan ɗaya ta ga inda kowane mahaɗi ya nufa, sannan ta tara duk abin da babu hanyar da ke kaiwa gare shi, ta ce wannan tarkace ne. Ta fito masa da dogon jeri, duk sunaye na lambobi. Bai buɗe ko ɗaya ba. Bai tuna ba cewa tun ranar da ya rataya ƙugiyar nan babu mahaɗi ko guda da ke nufar manyan hotunan. Ya latsa, wuri ya samu, sababbin hotuna suka hau kafin kwamfuta ta mutu. Alhaji ya sa masa albarka, shi kuma ya fita ya sayi ruwan sanyi yana jin ya yi ƙoƙari.

Malam Datti ya rasu cikin damina. Sharhabil ya je Katabu a rana ta uku, ya zauna a ƙarshen tabarma. Alhaji Ubaidullah yana can gaba tare da 'yan kwamiti, yana ba mutane labarin tsantsenin marigayi, yadda ba ya karɓar abin da ba nasa ba, yadda ba ya son a nuna shi. Mutane suna gyaɗa kai, kuma duk abin da ya faɗa haka ne. Da Sharhabil ya tashi tafiya, aka aiko daga cikin gida cewa Bara'atu ta gode, kuma tana nan tafe in an kwana biyu.

Ta zo wata ranar Talata da hantsi, da goyo a bayanta, ta zauna a bencin masu jiran gyaran waya. Ta ce ɗaya kawai take so a wanke mata, wanda Baba ya ɗan juyo kamar zai yi murmushi, sauran a zuba mata a filashi, innarta ma tana son gani idan ta fita takaba. Sharhabil ya zaro filashin daga jaka, har yanzu yana cikin ledarsa. Ya buɗe wurin da ya rubuta umarnin ya cire shi daga ƙugiya, don hotuna su koma buɗewa yadda suke a da, ta zaɓa da idonta. Ya juyo mata da kwamfutar ya ce ta latsa.

Ta latsa. Farin shafi ya fito da rubutu ƙanana, ba a sami abin da ake nema ba. Ya ce ƙila sabis ne. Ya latsa na biyu, ya latsa na uku. Ya shiga rumbu, inda ya taɓa zama yana kallon sunayensu, ya gangara har ƙasa ya dawo sama. Sai a lokacin ranar saukar ta dawo masa, da jan batiri, da dogon jerin lambobi, da ruwan sanyin da ya saya.

Ya fita waje ya kira kamfanin da ke ba da hayar rumbun. Wata mata ta saurare shi da ladabi, ta ce suna ajiye kwafi, amma na 'yan kwanakin baya ne kawai, sabo yana hawa kan tsoho. Ta tambaye shi yaushe abin ya faru. Da ya faɗa, ta ba shi haƙuri. Ya binciki kwamfutarsa duk da ya san ya share nasa kwafin tun shekarar farko don wuri, yana cewa ai suna kan shafi. Ya dawo ya tsaya a gaban Bara'atu ya gaya mata, wannan karon duka, tun daga zuwan Alhaji har zuwa ranar shara.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zage shi ba, abin da ya fi so ta yi. Ta kwance goyon ta dawo da shi cinyarta. Can ta ce ya nuna mata waɗanda suka rage. Ya buɗe mata yankakkun, ta riƙa bi ɗaya bayan ɗaya, ba ta kallon tsakiya, idonta yana kan gefen dama. A wani akwai bakin buzu. A wani akwai inuwa a ƙasa. A hoton wata shekara da mai hoto ya ɗan karkace, sai ta sa yatsa a kusurwar ƙasa ta ce ya tsaya.

Hannu ne, daga wuyansa zuwa yatsu, a ɗore kan gwiwa, da carbi a naɗe. Ƙaramin yatsan a lanƙwashe yake.

"Nasa ne," ta ce. "Keke ya kayar da shi tun kafin a haife ni, bai miƙe ba."

Ta ce ya wanke mata wannan. Ya tambaya ko hoton duka. Ta ce me za ta yi da 'yan kwamiti, wurin kawai. Ya yanko kusurwar ya ƙara mata girma har ta fara dushewa, ya dawo da ita baya kaɗan, ya fitar a takarda mai sheƙi. Ta karɓa ta sa a cikin hijabi don kada yayyafi ya taɓa. A bakin ƙofa ta juyo.

"Da ka turo min ranar nan, Yaya, ko da ba su yi kyau ba."

Ta tsallaka kwalbati ta tsayar da Keke Napep. Filashin yana nan kan tebur a cikin ledarsa.

Bai mayar da umarnin kan ƙugiya ba. Ya bar shafin haka, duk wanda ya latsa tsohon hoto sai ya ci karo da farin shafi. Ya gaya wa kansa cewa wannan aƙalla yana nuna akwai abin da ya ɓata. Bayan azahar Alhaji ya kira, ya ce wani uba ya yi ƙorafi hotuna ba sa buɗewa. Sharhabil ya gaya masa dalili, bai rage komai ba. Alhaji ya yi salati, kuma da alama abin ya taɓa shi.

"Ikon Allah," ya ce. "Ka ga bawan Allah, abin da ya ƙi a rayuwarsa Allah ya raba shi da shi. Amma Injiniya, kai shaida ne, ni ban ce a goge ba."

"Ba ka ce ba, ranka ya daɗe."

"To a gyara, kada mutane su ɗauka makaranta ba ta da tsari."

Sharhabil ya ajiye wayar. Ya zauna yana neman wanda farin shafin zai amfana. Malam ba ya so tun farko, Bara'atu ta tafi da abin da za ta samu, uban da ya yi ƙorafi kuwa ɗansa yake nema a hoto, ba ruwansa da gefe. Da akwai wani abu a bayan ƙugiyar da ake ɓoyewa, da cire ta ya zama wani abu. Yanzu babu. Ta bayan labule mai gyaran waya ya tambaye shi ko zai ci wake da shinkafa a aiko musu. Ya ce ya ƙoshi.

Ya buɗe wurin, ya mayar da layukan inda suke, ya adana. Ya latsa hoton shekarar da mai hoto ya karkace don ya tabbatar aiki ya yi. Ya buɗe tas. Ɗalibai a jere da fararen kaya, 'yan kwamiti a kujeru, Alhaji a tsakiya yana murmushi, can ƙasa ta dama kuma hannu a kan gwiwa da lanƙwasasshen yatsa. Sharhabil ya san cewa in Alhaji ya taɓa lura da shi zai kira waya, kuma ya san gyaran ba zai ɗauke shi wani lokaci ba.